Ƙullutan da ke jikin saiwar wake: ciwo ne ko taki?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da damina. Jiya da yamma ina maimai a gonar wake sai fartanya ta tumɓuke wata shuka, na ga saiwarta cike da ƙananan ƙullutai, girman ƙwayar dawa, sun jeru tun daga gindi. Na tono wasu a tsakiyar gona, su ma haka. Ganyen dai kore shar, har an fara fure. Maƙwabcina ya ce tsutsar ƙasa ce irin mai kashe tumatir, in yi maza in zuba magani tun ba ta gama da gonar ba. Ga hoton nan na saka. Wane magani zan saya?

Kawu Na Dawanau:
Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka ya san abin da yake faɗa. Haka ta yi wa kuɓewa a lambun ƙanena, saiwa duk ta kumbura, shuka ta yanƙwane. Ka je wajen masu maganin feshi da saiwar a hannunka.

Malamin Gona:
Baban Khalifa, kada ka sayi komai tukuna. Kawu, a yi mini afuwa, abin da ke hoton nan ba irin na kuɓewa ba ne. Ga yadda za ka bambance da hannunka: ka murza ƙullutun da yatsa. In ya ɓalle ya bar saiwar lafiya lau, to a gefe yake maƙale, na alheri ne. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ke kumbura ta karkace, ba ya ɓallewa sai dai ka karya ta. Bayan haka ka tsaga kaɗan da farce ko reza, ka faɗa mana launin cikinsu.

Baban Khalifa:
Na koma da safen nan. Suna ɓallewa ba wuya. Manyan ja-ja ne a ciki, da ɗan danshi, ƙananan kuma fari. Jan nan ma shi ya ƙara ɗaga mini hankali, Malam.

Malamin Gona:
Alhamdu lillahi, jan shi muke nema. Wakenka yana haɗa wa kansa taki ke nan. Fararen ba su fara aiki ba tukuna. In ka koma bayan kwanso ya cika za ka tarar da yawa sun koma kore ko ruwan ƙasa sun yi laushi, waɗannan sun gama nasu. Abin da zai sa manomi ya damu shi ne ya tono wake a lokacin fure ya ga babu ƙullutu ko ɗaya, ko ya ga manya amma cikinsu fari fat.

Ɗalibar Samaru:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Malam, in kun ba ni dama in ɗan ƙara, don a kan wannan nake aikin kammala karatuna.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, wato abin nan da muke biyan kuɗi mu sayo a buhun yuriya. Sai dai a cikin iska ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, ɗaure da juna da ɗauri uku, kuma babu shukar da ke iya kwance wannan ɗaurin. Gero ba ya iyawa, shi kansa wake ba ya iyawa. Masu iyawa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin ƙasa, ana ce musu raizobiya. A cikin ƙullutan da Baba ya tsaga akwai miliyoyinsu. Su ne ke karɓar naitirojin daga iskar da ke ratsa ƙasa, su mai da shi amoniya, shuka ta karɓe nan take ta gina ganye da ƙwaya.

Kuma ba faɗawa suke yi cikin saiwa da ƙarfi kamar cuta ba. Shukar ce ke fara kira. Saiwa tana tsatso wasu sinadarai cikin ƙasa, raizobiyar da ta dace da irin wannan shukar ta ji, ita ma ta saki nata sinadarin na amsa. In amsar ta yi daidai, siririn gashin da ke jikin saiwa sai ya lanƙwashe ya rufe ƙwayoyin, a buɗe musu wata siririyar hanya ta cikin gashin har cikin naman saiwa. Kafin su iso, naman wajen ya riga ya fara ninkuwa yana kumbura, shi ne ƙullutun. In amsar ba ta yi daidai ba, ƙofa a rufe take. A 1990 ne masu bincike a Tulus ta Faransa suka gano ainihin surar sinadarin amsar nan. Gyaɗa kuwa tata hanyar daban ce: ta tsagar da ke wajen da ƙaramar saiwa ta ɓullo daga babba suke shiga, shi ya sa nata ƙullutan a mahaɗar saiwoyi ake samunsu.

Baban Khalifa:
Allah ya yi miki albarka 'yata. To jan fa? Ko su ma jini gare su?

Ɗalibar Samaru:
Amin Baba. Kun kusa, wallahi. Sinadarin da ke sa jininmu ja, shi ke ɗaukar oksijin ya zaga da shi jiki. Na cikin ƙullutu ɗan uwansa ne na kusa, sinadarin ƙarfe ne a tsakiyar kowannensu, sunansa leghimogulobin. Wani masani ɗan Japan mai suna Kubo ya fara gano shi a ƙullutun waken suya a 1939.

Dalilin samuwarsa shi ne wurin da ya fi burge ni. Abin da ke kwance ɗaurin naitirojin wani sinadari ne a jikin bakteriyar, naitirojines, wanda aka gina da ƙarfe da molibdinam. Oksijin na taɓa shi ya lalace, ba gyara. Amma kuma aikin yana cin makamashi mai yawa, bakteriyar ba za ta samu makamashin ba sai ta yi numfashi da oksijin. Ga shi ana bukatarsa, ga shi yana kashe kayan aiki. Sai shukar ta yi abu biyu. Na farko, a bayan ƙullutun akwai wani zobe na nama mai matsewa da ke hana iska kwarara ciki, shukar tana iya ƙara matse shi ko ta sassauta. Na biyu, ɗan abin da ya shigo, jan sinadarin nan yana cafke shi ya miƙa wa bakteriya kai tsaye. Oksijin da ke yawo a sake a tsakiyar ƙullutu ya gaza na ruwan da ke fuskantar iska sau dubbai, amma numfashin bakteriyar bai tsaya ba. Shukar ce ke yin jan sinadarin, kuma sai aiki ya kankama take cika ƙullutun da shi. Shi ya sa Malam ya ce a duba launi.

Kawu Na Dawanau:
Yarinya kin iya bayani, amma ni ɗan kasuwa ne. In har ana samun takin nan kyauta a iska, me ya kai Dangote kashe maƙudan kuɗi ya gina kamfanin yuriya a Legas? Ya zuba wake mana.

Malamin Gona:
Kawu, ai shi ma daga iskar yake ɗebowa. Kamfanin Lekki da aka ƙaddamar a 2022 da na Indorama da ke kusa da Fatakwal duk hanya ɗaya suke bi, wadda Fritz Haber ya nuna a Jamus a 1909, Carl Bosch ya mai da ita masana'anta a 1913. Ana haɗa naitirojin ɗin iska da haidurojin da aka ciro daga iskar gas, a zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500, cikin matsi mai tsanani, sannan ɗaurin nan ya kwance. Masara da shinkafa da dawa ba su da ƙullutu, dole a saya musu.

Amma kalmar kyauta da ka faɗa, a nan zan tsaya, don ita ce tushen duk kurakuran da muke yi da wake. Babu kyauta a ciki. Ka ɗauka wake mai gona ne da ya ɗauko 'yan ƙodago ya ba su masauki, ciyarwa a kansa. Sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana shi ake saukowa da shi saiwa a ciyar da su. Duk abin da ya rage wa ganye ƙarfi, ko inuwa ko fari ko ƙwari, to ya rage abincin ma'aikata, aikin ya ragu.

Ɗalibar Samaru:
Kuma lissafin yana da tsada. Kafin a kwance ɗaurin tagwayen naitirojin guda na iska, sai an ƙone ma'aunin makamashi 16, abin da muke kira ATP, ban da na gina ƙullutun da kula da shi. Saboda haka shuka ba ta barin a yi mata ƙullutai barkatai. Da na farko sun kafu, saiwa tana aika saƙo sama wa ganye, ganye ya maido da umarnin a dakata haka nan.

Akwai wani gwaji da aka wallafa a 2003 da nake so Kawu ya ji, tunda ɗan kasuwa ne. An ɗauki waken suya, aka rufe wasu ƙullutansa cikin iskar da aka cire wa naitirojin aka maye da wata, yadda bakteriyar ciki ba su da abin da za su sarrafa ko sun so. Shukar ta rage wa waɗannan ƙullutan oksijin, suka tsumbure, bakteriyar cikinsu ba su yaɗu kamar na sauran ba. Wanda bai kawo komai ba an rage masa.

Kawu Na Dawanau:
To wannan na fahimta. Haka muke yi da yaran shago.

Hajiya Mai Awara:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata a kan waken suya ce, don shi nake nomawa a wajen Saminaka saboda sana'ata. Bara da na zuba wa masara yuriya sai na ga saura, na watsa wa waken. Ya yi ganye har gwiwa ta ɓace a ciki, kowa ya wuce sai ya yaba. Da aka zo girbi abin bai kai yadda ganyen ya yi alkawari ba. Yaran da suka tuge sun ce ba su ga irin ƙullutan nan sosai ba. Yuriyar ce?

Kawu Na Dawanau:
Hajiya, kar a ɗora wa yuriya laifi. Ni duk shekara ina sa a watsa wa wakena, kuma da idona nake ganin ya fi na maƙwabta kore.

Malamin Gona:
Kawu, kore kam zai yi, ba wanda ya musa. Tambayar ita ce wa ya biya kuɗin koren. Ɗebo naitirojin da ke narke cikin ƙasa ya fi wa shuka araha nesa ba kusa ba a kan ciyar da bakteriya. Da ta ji ƙasa ta cika da shi, sababbin ƙullutai ba za su fito ba, waɗanda ke akwai kuma ta matse musu iska da abinci, su tsufa da wuri. Ka ga kuɗinka bai ƙara komai ba, ya dai maye gurbin abin da da za a yi maka ba ka biya ba. Sannan yuriya ba ta daɗewa a jigawa, ruwan Agusta yana wanke ta ƙasa. Lokacin da wake ya fi yunwar naitirojin shi ne daga fure zuwa cikar kwanso. In a lokacin takin ya tafi, ƙullutan kuma ba su kafu ba, ka yi biyu babu. Ga yawan ganye da ke jinkirta fure ya tara ƙwari. Hajiya, abin da ya same ki ke nan a ganina.

Kawu Na Dawanau:
Amma Malam, ku ne fa kuke cewa a sa kamfa lokacin shuka. Kamfa ba naitirojin a ciki?

Malamin Gona:
Akwai, amma ka duba yawansa. Iri yana tsira da guzurin da ke cikin ƙwaya, guzurin ya ƙare kafin ƙullutai su fara aiki, wajen sati biyu zuwa uku. A gajiyayyiyar ƙasa za ka ga shukar ta yi ɗorawa-ɗorawa a wannan tsakanin. Don haka ake cewa buhu biyu na kamfa 15-15-15 a hekta guda, kilo 15 na naitirojin ke nan kacal, ya riƙe ta ta tsallake. Buhun yuriya ɗaya kuwa kilo 23 ne a cikinsa, tunda kashi 46 cikin 100 ce, kuma mutane ba sa tsayawa a ɗaya. In gonar ta sha takin gargajiya ko bara an yi masara da taki sosai, ko wannan ɗan kamfar ba dole ba ne.

Takin da wake ke roƙo da gaske shi ne supa, wato takin fosfaras. Makamashin nan da ɗalibarmu ta ambata da fosfaras ake juya shi, ƙullutu kuma ya fi sauran sassan shuka cinsa, ƙasarmu ta arewa kuwa ba ta da shi sosai. Ka zuba buhu biyu na supa a hekta lokacin gyaran ƙasa ko shuka, ka tono a lokacin fure ka kwatanta da inda ba a zuba ba. Ga gyaɗa ma riba biyu ce, don supa na ɗauke da kalsiyam da farar wuta. Abin takaici, ka zaga shaguna da yawa kafin ka samu supa, kowa yuriya da kamfa yake kawowa.

Hajiya Mai Awara:
To baƙar hodar nan da ake cakuɗa iri da ita fa? An taɓa kawo mana a ƙungiya, wasu suka ce sun ga bambanci, wasu suka ce gawayi ne kawai aka daka.

Ɗalibar Samaru:
Hajiya, ba gawayi ba ne, raizobiya ne masu rai a cikin hodar. Wake da gyaɗa da gujiya sun daɗe a ƙasar nan, kuma ba su da tsani, suna karɓar raizobiya iri-iri da ke cikin ƙasarmu, shi ya sa Baba bai sa komai ba ya samu. Waken suya baƙo ne daga gabashin Asiya, kuma mai zaɓe ne, nasa daban. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi shekaru tana fitar da irin da zai yarda da na gida, su ne masu suna da TGx a gaba, kamar TGx 1448-2E. Duk da haka gwaje-gwajen shirin N2Africa a gonakin manoma a Kano da Kaduna sun nuna cewa galibi sun fi yin kyau in aka haɗa musu hodar da supa tare. Hodar Nodumax da ake sayarwa, ita ma IITA ke yin ta.

Waɗanda ba su ga bambanci ba, sau da yawa matacciya aka ba su. Abu ne mai rai, zafi yana kashe shi. Ledar da ta yini a rana a kan teburin mai shago ko a bayan mota, sunanta hoda kawai. A duba ranar ƙarewar aiki, a ajiye a wuri mai sanyi, a jiƙa irin da ɗan ruwan ƙaro don ta manne, a shanya a inuwa, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Kuma in gonar ta saba da waken suya shekara da shekaru, wataƙila ƙwayoyin sun riga sun zauna, bambancin ba zai yi yawa ba.

Birazil ce ta fi kowa cin moriyar wannan. Tana cikin manyan masu noman waken suya a duniya, kuma kusan ba ta zuba masa takin naitirojin, hodar ce. Mariangela Hungria, masaniyar da ta shafe shekaru a kan aikin a cibiyar binciken noma ta Birazil, Embrapa, ita ta karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 2025.

Mai Kiwon Turke:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Tun muna yara ake cewa wake yana gyara gona, kuma yau na ji dalili. To ashe mu da ke sayen harawa ba mu cuci kowa ba, tunda takin yana cikin saiwa, saiwar kuma a gona ake barinta.

Malamin Gona:
Yaya, da ma kai nake jira. Takin ba ya zama a saiwa. Da an haɗa shi ake tura shi sama ta jijiyoyin ruwa, ya shiga ganye, daga baya mafi yawansa ya ƙaura cikin ƙwaya. Mu yi lissafi. Waken suya kusan kashi 40 cikin 100 furotin ne, furotin kuma kashi 16 cikin 100 naitirojin ne. Tan ɗaya da Hajiya ta kai gida ya fita da wajen kilo 64 ke nan, kusan buhu uku na yuriya. Tan ɗaya na wake ya fita da wajen kilo 40. Waɗannan sun tafi Dawanau wajen Kawu. Abin da ya rage yana cikin ganye da kara, ka zo ka naɗe shi ka ɗora a kan rufi. Me aka bar wa gona? Saiwa da ruɓaɓɓun ƙullutai da ganyen da ya zube. Akwai amfani a cikinsu, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba. Kuma ba duk naitirojin ɗin da ke jikin wake ne ya fito daga iska ba, wani daga ƙasar ya ɗebo. In aka kwashe ƙwaya da harawa ƙaf, musamman a waken suya, gona tana iya tashi ba riba, har da ɗan gibi.

Mai Kiwon Turke:
Haba Malam. So kake a bar harawa ta ruɓe a gona? Ka san nawa ake sayar da dami a watan Afrilu? Wani ma don harawar yake shuka kanannado, ƙwayar ƙari ce. In ka bar ta ma ba ruɓewa za ta yi ba, dabbobin wasu ne za su cinye, ko gara.

Malamin Gona:
Ban ce a bari ba, ba mai hankalin da zai bari. Cewa nake harawar da ta fita ta dawo ta ƙofar turke. Kuma a nan ma ana asara: kaso mai yawa na naitirojin da dabba ta ci a fitsari yake fita. In turken ƙasa ce tsurara, rana na dukansa, warin nan da ke hawa ka amoniya ce ke komawa iska inda aka ɗebo ta. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko tattaka ya tsotse, a tara a inuwa a rufe, a kai gona gab da shuka.

Mai Kiwon Turke:
Wannan ya yi wa mai gona da dabbobi a gida ɗaya. Ni a cikin gari nake kiwo, harawar daga Gezawa ake kawo mini, takin kuma masu lambu ke saye. Gonar da ta yi harawar ba ta ƙara ganinsa.

Malamin Gona:
To ka faɗi matsalar da bakinka. Wanda ya sayar maka da harawa ya sayar da takin baɗi, ya sa wannan a cikin kuɗin da zai yanka maka.

Mai Kiwon Turke:
Kar ka zuga su Malam, tsadar da ake ciki ta isa.

Baban Khalifa:
Ni kuma da nake shuka wake a tsakanin gero, ina cewa geron yana shan takin a lokacin?

Ɗalibar Samaru:
Kaɗan ne ƙwarai a wannan daminar, Baba. Wake ba ya rabawa, abin da ya biya kuɗinsa kansa yake yi wa. Geron yana amfana ne ta wajen cewa wake bai yi masa kishiya sosai a kan ɗan abin da ke ƙasa ba. Ribar gaske sai baɗi, bayan saiwa da ganye sun ruɓe. Wani ɓangaren ribar ma ba taki ba ne: canza shuka yana katse cututtuka, waken suya kuma yana sa irin wuta-wutar dawa ya tsira ya rasa abin kamawa ya mutu. Sannan waken da ke ƙarƙashin inuwar dogon gero ko dawa ba ya samun hasken da zai ciyar da ƙullutai. Dalilin da ya sa masu binciken IITA na Kano suka riƙa koyar da layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake ke nan.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Ku da mu ne kan gaba a noman wake a duniya, amma mu nan abin da munka fi dogara da shi gawo ne. Kowa ya san hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili, kuma shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa. Tun zamanin sarakunan Damagaram an hana saran shi. Shi ma ƙullutan ne? Don na sha tonon rami kusa da babban gawo ban gani ba.

Ɗalibar Samaru:
Dangin wake ne, Yaya, ku dubi kwansonsa. Ƙaramin gawo yana yin ƙullutai sosai, in kun tono dashe za ku gani. Babba kuwa da wuya a gani a sama-sama, saiwarsa ta yi nisa neman ruwa. A Sanagal an haƙa ƙarƙashin gawo aka samu raizobiyarsa a zurfin da ya wuce mita 30, kusa da ruwan ƙasa. Amma albarkar gindin gawo ba daga nan kaɗai take ba. Ganyen da ya zube daidai faɗuwar ruwa, da abin da saiwa ta jawo daga can ƙasa, da kashin dabbobin da ke kwana a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa, duk sun taru.

Kuma ba duk mai kwanso ne ke yi ba. Bagaruwa tana yi. Zamarke yana yi, akwai ma wani irinsa na fadama da ke fitar da ƙullutai a jikin kara. Amma tsamiya da kalgo da tafasa da rai-ɗore, duk da dangi ɗaya ne da wake, ba sa yi.

Ɗan Maraɗi:
Madalla. Sai batun fari, don shi ne ciwonmu. In ruwa ya ɗauke sati biyu wake na tsaye da ganyenshi, aikin na ci gaba?

Ɗalibar Samaru:
Yana cikin abubuwan da ke fara tsayawa, tun ganye bai nuna alamar ƙishi ba. Ƙullutu a saman ƙasa yake inda ya fi saurin bushewa. In ruwa ya yi ƙaranci, kayan da aka haɗa ba sa samun hawa sama, su taru, shukar ta ɗauka an ƙoshi ta matse zoben nan na iska. In farin bai yi tsawo ba suna farfaɗowa, in ya yi tsawo sai an yi sababbi. Kwanciyar ruwa ma haka take yi ta ɗaya gefen: iska ba ta shiga ƙasa, ba oksijin ba naitirojin, shi ya sa waken da aka shuka a fadama ba a kan kunya ba yake yin ɗorawa.

Hajiya Mai Awara:
'Yata, mu da ba mu da wuta balle firji, ina zan ajiye hodar in na samo tun kafin ruwa ya zauna?

Ɗalibar Samaru:
Gindin randa ya isa, Hajiya, kada dai a buɗe ledar sai ranar shuka, kada kuma ruwa ya shiga. In za ku sa maganin iri na ƙwari ko na ruɓa, ku fara sa shi ya bushe, hodar ta zo daga ƙarshe, a shuka nan take, don wasu magungunan suna kashe ƙwayoyin in sun daɗe tare.

Malamin Gona:
Ki kuma bar kunya biyar a gefe ba hoda, Hajiya, supa dai ko'ina. In an fara fure ki sa a tono daga kowane ɓangare da fartanya, kada a fizge da hannu don ƙullutan a ƙasa za su tsaya. A wanke saiwar a bokiti, a tsaga, ki turo mana hoton.

Kawu Na Dawanau:
Ni ma zan hana yara watsa yuriya a rabin gonar bana. In ya gaza na ɗaya rabin, Malam, kai za ka cika mini buhunan.